Ratar Yatsu Uku

Mijin tela, wanda unguwa ke kira Na-Sani, ko likita ya gani sai ya gyara masa riƙon allura. Cajar waya yake sayarwa, amma ji yake ilimin duniya a aljihunsa yake kwana.

Ita tela damuwarta ɗaya ce. Inna, mahaifiyarta, ta taso daga jinya ta sauka a gidansu, ɗakin bayan da aka ba ta kuwa tanda ne. Rufin kwanon gajere ne, da tsakar rana ko silin ka taɓa sai ka janye hannu. Inna ta ce in aka ƙara mako a haka, gidan ɗanta za ta koma, inda babu mai tuna mata da magani.

Sai tela ta kira kafinta. Ya leƙa cikin silin, ya sauko yana tsiyayar gumi, ya ce ba sai an cire kwano ba. Akwai wata takarda mai ƙyalli, a naɗe ake sayar da ita, a buga ta a ƙasan katakon rufi, ita za ta riƙa mayar da zafin inda ya fito. Sharaɗinsa biyu: a bar ratar yatsu uku tsakaninta da kwano, kuma kada a toshe kafofin iska na gefe.

Na-Sani ya taɓe baki, wai yanzu manna takarda ma sai an kira masa ƙato? Ya sallami kafinta.

Ran Asabar ya sayo takardar, ya hau tsani da gwangwanin gam. A lissafinsa, barin rata gina wa zafi masauki ne, don haka ya liƙe takardar a jikin kwano ƙam. Da ragowar ya toshe kafofin iska, wai ta nan zafin ke satar shiga. Ya sauko da yanar gizo-gizo har a gemu, ya tara maƙwabta su ga aiki. Tela dai tana kan keken ɗinki tana kallonsa ta wutsiyar ido.

Washegari kafin ƙarfe biyu man shafawar Inna ya zama ruwa. Tsohuwa ta ƙulle jakarta ta zauna a bakin ƙofa tana fifita da murfin kwali.

Tela ta sake kiran kafinta, ya zo ya leƙa cikin silin, ya sauko.

"Maigida, riga kawai ka ɗinka wa kwano," in ji shi. "Tunda ta taɓa shi, zafin bi ta jikinta yake, kamar cokalin da aka bari a tukunya."

Ya ce kankare gam ɗin aikin kwana uku ne, shi kuma sai mako na sama zai samu sarari. Na-Sani ya gyara tsayuwa ya ce ai takardar ce jabu, tun a shago ya lura.

Tela ta ɗauki jakar Inna ta kai nasu ɗakin, wanda bishiya ke yi wa inuwa. Ta fito da filon mijin, da rigunansa, da kwalin caja.

"Ke, ina za ki kai min kaya?"

"Ɗakin da ka gyara, Baban yara. Kai ka san kansa."

Inna ta miƙe a kan gadon surukinta ta kwance bakin jaka. Da yamma an hango Na-Sani ta tagar ɗakin baya, daga shi sai singileti, yana koya wa maƙwabci amfanin gumi ga lafiyar jiki.