Kunnen Surukar Mai Ɗinki

Duk wanda ke hawa benen nan ya san ƙunzugun jaririn Mai Ɗinki. Ta wanke shi har hannunta ya saluɓe, ta shanya a igiyar baranda, amma tabon fitsarin na nan baƙi ƙirin kamar an ɗiga baƙin mai. Sabulu ma ƙara masa baƙi yake. Matan ƙasan benen kuwa, ba gulma ba, har wuya suke miƙawa.

Surukarta ce ta mayar da abin yaƙi. Tsohuwa ce mai ciwon baya, kullum ɗankwalinta ɗaure tam har ya rufe kunnuwa, ko ana zafin da ƙadangare ke neman inuwa.

"Mu a zuriyarmu ba a fitsarin tawada," in ji ta, tana dogara sanda a bakin ɗakin ɗinki. "Daga gidanku kika kwaso. Ki haɗa kekenki ki koma. Yaron kuma ki bar mana abinmu."

Mai Ɗinki ta taka keken da ƙarfi har allura ta karye. Mijinta, direban bas, yana tsaye yana sosa ƙeya.

"Kai ba ka da baki ne?" in ji Mai Ɗinki.

"To, ai Inna ce..."

"Inna ce ta yi mini naƙudarsa? Asibiti za mu, ƙafata ƙafarta!"

Da sakamakon gwaji ya fito, likitar ta zaunar da su ukun. Ta ce akwai wani sinadari a cikin nama da ƙwai da wake wanda jiki ke narkarwa. Jikin yaron ba ya ƙarasa aikin, ragowar ce ke fita a fitsari, iska na taɓa ta sai ta yi baƙi. Gado ne.

"Kun ji ko? Gado!" Inna ta buga sanda.

Likitar ta ce, "Daga ɓangare biyu, Inna. Sai uwa ta ba da rabi, uba ya ba da rabi. Mai rabi ba ya ganin wata alama a jikinsa. Mai cikakkensa kuwa, in ya manyanta, bayansa kan sandare, guringuntsin kunnensa ya yi duhu."

Mai Ɗinki ta juya a hankali. Ciwon bayan nan. Ɗankwalin nan. Da wankin da tsohuwar ba ta taɓa yarda kowa ya yi mata ba. Zuciya ta ɗebe ta. Ba a koya mata taɓa kan babba ba, amma hannu ya riga hankali: fizge!

Ga kunnuwa nan, shuɗi-baƙi kamar an turara su.

"Kin sani! Tun ƙunzugun farko kin sani, kika bari ana nuna ni da baki, har za ki raba ni da ɗana!"

Inna ta dafe kunnuwa. "Uwata ce ta ce in ɓoye, in ba haka ba babu mai aurena."

"Shi ne ni za ki kashe nawa auren?"

Direba ya sunkuya ya ɗauko ɗankwalin, ya rasa wa zai miƙa wa. Mai Ɗinki ta gyara goyonta.

"Kekena na nan, ɗana na nan. Wanda baƙi ya dama, ya fara da kunnensa."

Da suka koma gida, can gaba a kan igiya ta shanya ƙunzugun, inda matan ƙasa ba sai sun wahalar da wuya ba.