Ruwan da Nake Zubarwa a Rariya

Ranar Laraba da la'asar keken ɗinkin Tela ya tsaya, bai sake tashi ba.

Da farko ban damu ba, don ni na tsayar da shi. Bango ɗaya ya raba ɗakina da shagonsa, rariyar gidana kuma ta ƙarƙashin tagarsa take bi. Shekara ashirin, da ya ji ruwan alwalata ya gangaro, sai ya ɗauke ƙafa daga keken har in idar da sallah. Kirista ne. Ban taɓa roƙonsa ba, ban kuma taɓa yi masa godiya ba.

Abin da bai sani ba, tun da aka binne matata, shekara uku ke nan, na ajiye sallah. Na bi littattafan masu masallaci, na bi na masu coci, har na waɗanda ke zama su rufe ido su yi shiru, ban sami wanda ya gaya mini dalilin da za a ɗauke ta a bar ni ba. Sai na yi fushi, irin wanda ba a faɗin da wa ake yi. Amma butar ban ajiye ta ba. Lokacin sallah na yi, sai in tuttular da ruwa a rariya don ƙarar keken ta bar ni in yi karatu. Nan take sai shiru.

Ko layi ɗaya ban taɓa karantawa a cikin shirun nan ba. Littafin na kan cinyata, ni kuwa ina tambayar kaina: wai wane ne wannan mai fushin, me kuma yake jira?

Wata rana Tela ya leƙo, tef ɗin awo rataye a wuyansa.

"Malam, yau sallar ce ta yi tsawo, ko ni na ƙosa?"

"Kai ka ƙosa. Me tela ya sani a kan tsawo, in ba na wando ba?"

Ya yi dariya. "Ku masu littafi kun auna Allah kun gama. Ni ko kaina ban gama aunawa ba."

"Wane Allahn? Naka ko nawa?"

"Au, biyu ne? Ba a gaya mini ba."

Na ce ya koma ya ɗinka maɓallansa.

Ranar Larabar, minti goma suka wuce, ashirin suka wuce. Sai da shirun ya ishe ni na zagaya. Na same shi a kujerarsa, goshi a kan keken, hannuwa a haɗe, wata riga ruwan toka tana ƙarƙashin allura. Ya riga ya rasu. Likita ya ce zuciya ce.

Bayan mako guda 'yarsa ta zo kwashe kayan shagon. Ta durƙusa ta gaishe ni.

"Baba Malam, mun gode. Kullum cewa yake kai ne agogonsa."

"Agogo?"

"Wai shi mantuwa gare shi. In ya ji ruwanka sai ya tuna, ya yi tasa addu'ar. Ya ce tare kuke yi, bango ne kawai a tsakani. Ko marigayiya matarka ba ya mantawa da ita a ciki." Ta share ido da gefen ɗankwali. "Albarkacinka ya cika yana addu'a."

Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Keken fa, sayarwa za ku yi?"

Yanzu shagon a rufe yake. Jiya da la'asar na ɗauki buta, na tsuguna a bakin rariya, na wanke hannu, na wanke fuska. Ruwan ya gangara, ya bi ta ƙarƙashin tagarsa. Na kasa kunne, babu ƙarar da za ta tsaya.

Tela, shekara uku ruwa kawai nake zubarwa. Kai kaɗai kake yi mana.