Ganyen Indubai Ranar Lahadi

"Sulabha, sauke hannunki. Yau Lahadi ce."

Dinkar ne ya faɗa, ya tokare tsakanina da tukunyar da uwarsa Indubai ta shuka tulsi a ciki, ganyen nan mai ƙamshi da muke ɗauka mai tsarki, tawul a kafaɗa, tumbi a gaba. A ɗaki kuwa an riga an sauko da ita daga gado an shimfiɗe ta a ƙasa, kamar yadda muke yi wa mai shirin cikawa, numfashi na fita da ƙyar.

"Na san Lahadi ce," na ce. "Uwarka ce ke tafiya. Ganye ɗaya za a sa mata a harshe."

"Ba a tsinkar tulsi ran Lahadi, Yaya, ke ma kin sani. So kike arziki ya bar gidan nan? Ga shago ba ciniki, ga shari'ar fili a kaina."

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasu a garin Satara tun ina amarya. Duk layinmu babu wanda bai sha shayin Indubai ba. Miji ya ɓata miki rai, ɗa ya faɗi jarrabawa, barci ya ƙi zuwa, sai ta zaunar da ke a dakali, ta dafa ganyen da citta da ɗan mazarƙwaila, ta ce, "Sha da zafinsa, sannan ki yi kukan." Ko ganyen ne ko zaman ne ban sani ba, amma mutum kan tashi ƙirjinsa sakayau. Shi kansa Dinkar, shekarar da shagonsa ya ƙone har ya fara magana shi kaɗai, da wannan shayin ta lallaɓo shi ya dawo mutum. Ita kuma abu ɗaya ta taɓa roƙo na: "In lokacina ya yi, ki sa mini ganyen tukunyata tun ina jin ɗanɗanonsa. Kada a jira sai na sandare."

"To, ganyen da ya faɗo da kansa ai ba laifi," na ce, na durƙusa ina laluben gindin tukunyar. Ƙasa fes, ko tsinke babu.

Matarsa Mangal ta leƙo daga kicin. "Na share tun da safe. 'Yan dubiya za su zo, in bar tsakar gida kamar bola? Mai shara ma ya wuce."

"Sannunki da tsafta."

Ta koma ciki ta fito da kwalin shayin tulsi na kanti, irin mai zare. "Ga wannan, ai duk ɗaya ne. A farke a barbaɗa mata."

Ban san lokacin da na doke kwalin ya faɗi ba. Raina ya ɓaci matuƙa. Daga ɗaki na ji muryar Indubai, siririya. "Sulabha... kin kawo?"

"Ga ni nan tafe, Inna."

"Bari in tambayi mai addu'a tukuna," in ji Dinkar, ya shiga latsa waya. Ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Ya sake kira, ya juya baya yana neman inda sabis ya fi. Sai na miƙa hannu na tsinke ganye ɗaya na nufi ɗaki. Ya biyo ni ya riƙe mini tsintsiyar hannu a bakin ƙofa, ina fizgewa yana ƙara matsewa. Muna cikin haka Mangal ta fasa kuka daga ciki.

Ya sake ni. Ya dubi uwarsa, ya dubi ganyen da ya murƙushe a hannuna.

"Kin ga abin da kika jawo mana ko?"

Har yau ban yafe masa wannan maganar ba, kuma ba na jin zan yafe.

Gawar ta kwana ana jiran 'yarta daga Pune. Da gari ya waye Litinin, ranar da babu hanin tsinka, dangi suka cika tsakar gida, Dinkar ya fito cikin fararen kaya, ya zagaya tukunyar hannuwa a haɗe yana addu'a da ƙarfi yadda na ƙofar gida ma zai ji. Ya yi ta tsinka, ya yi ta tsinka, har rassan suka koma tsirara. Tsofaffi na gyaɗa kai suna cewa an haifi ɗa.

Ya durƙusa ya cusa wa gawar uwarsa ganyen a baki har leɓen suka ƙi haɗuwa. Da aka ɗaga makarar, guda ɗaya ya zamo ta gefen bakin ya tsaya a kuncinta. Mangal ta sa yatsa ta mayar da shi ciki.