Babin da Hedimasta Ya Tsallake

Tun da yanar ido ta hana Hedimasta karatu da rubutu, sai ya yanke shawarar lokaci ya yi da duniya za ta ji tarihinsa. Duniya dai ba ta nema ba, amma wannan bai taɓa damunsa ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana shugabantar makarantar firamare kafin ya yi ritaya, kuma har yau ko 'ya'yan cikinsa da Hedimasta suke ambatonsa in ba ya kusa. Su huɗu ne. Mazan uku kowa ya samo aikin da ya kai shi nesa, kuma kada wani ya ce maka aikin ne ya ja su. Saura Auta, ita kaɗai mace, mai buga takardu a kotu, shekararta arba'in da biyu. A kanta buga littafin ya faɗa.

Duk Asabar da hantsi takan zo da kwamfutarta, ta share gefen tebur, ta jawo kujerar roba ta zauna. Shi kuma yana kishingiɗe a doguwar kujera ƙarƙashin fanka, bangon bayansa cike da takardun yabo a cikin gilashi, har da wadda aka ba shi don ya halarci taron kwana biyu. Sai ya lumshe ido ya ce, "Rubuta. A wannan shekara ce na..." A kotu Auta ta buga maganar ɓarayi, ta buga ta alƙalai, amma ba ta taɓa buga "ni" da "na" masu yawan na ɗakin nan ba.

Ba son littafin ke kawo ta ba. Jira take ta ji inda za ta fito a ciki. Babi tara sun wuce. Mahaifiyarta, wadda ta shekara arba'in tana goge masa takalmi kafin Allah ya karɓi abarsa, ta samu layi biyu, ɗayan ma cewa yake ta yi sa'ar miji. Yayyenta sun fito a dunƙule da sunan "sakamakon tarbiyyata". Ita ko ɗuriyarta babu. Ta san abin kunya ne mace mai furfura a gefen kai ta zauna tana jiran a kira sunanta kamar 'yar aji ɗaya, amma sanin bai rage mata komai ba. So take ta ji, ko sau ɗaya ne, cewa mutumin nan ya taɓa kallonta ya gan ta.

Wata Asabar tana jera shafuka sai ta lura da wani abu. Littafin ya fara ne daga ranar da ya zo na ɗaya a jarrabawa yana ɗan shekara sha biyu, sai ka ce ranar aka haife shi.

"Baba, ina ƙuruciyar?"

"Wace ƙuruciya?"

"Kafin sha biyun."

"Babu abin da ya faru."

"Masu karatu za su tambaya fa."

Ta san lagonsa. Da jin "masu karatu" ya gyara zama. "To, je ki wurin gwaggonki da baffanki. Su ba su da aikin yi sai tuna baya. Ki tsaro, ni zan gyara."

Gwaggo, yayar Hedimasta, tana zaune da ƙanensu Baffa, tsohon direban bas, a wasu ɗakuna biyu a saman bene. Shekara sha biyar suna tare, kuma ko a kan rufe taga ba su taɓa yin baki ɗaya ba. Auta ta same su da la'asar, Gwaggo tana shafa magani a gwiwa, Baffa yana kwance wata rediyo da ta mutu tun bara. Ta gaishe su, ta faɗi abin da ya kawo ta.

Gwaggo ta yi tsaki. "Ƙuruciyarsa? Ɓata shi aka yi, 'yata, babu wani dogon labari. Inna ce ta sangarta shi. Kullum ɗanta daban yake da 'ya'yan mutane. Mu ake aika, shi kada rana ta taɓa masa kai, wai ƙwaƙwalwa ce a ciki. In ya mari yaro, yaron ne ya kawo fuskarsa. Ko tsere muka yi, sai ta ƙifta mini ido in faɗi. Wanda aka gaya wa tun yana rarrafe cewa ya fi kowa, wace rana zai daina yarda?"

"Sangarta?" Baffa ya ajiye sukundireba. "Yaya, ki ji tsoron Allah. Yaushe kika taɓa ganin Inna ta ɗora shi a cinya? Ni daƙiƙi ne, ba a sa ran komai daga wurina, shi ya sa na samu cinya. Shi tebur ya samu."

"Wane tebur, Baffa?"

Ya yi mata bayani. Tun mahaifinta yana ɗan shekara huɗu, duk abin da ya ji sai ya haddace. In baƙi za su zo, Inna takan yi masa wanka, ta shafe shi da mai, ta tsayar da shi a kan teburin falo. Ya kawo labaran rediyo da muryar mai karantawa, ya kawo lissafin sau tun daga biyu. Baƙi su yi ta tafi, fuskar Inna ta yi ta haske. Da sun fita sai ta sauke shi, ba ta ƙara bi ta kansa sai wasu baƙin sun zo.

"Kamar farantin baƙi," in ji Baffa. "A wanke, a mayar kabad. Wannan ce sangartar?"

"Jini ma ba ya ƙarya," Gwaggo ta ce, don ba ta yarda a kayar da ita. "Halin Inna ya kwaso kaf. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

"To mu biyun 'ya'yan kunkuru ne?"

Auta ta yi dariya, amma Gwaggo ba ta yi ba. Baffa ya dube ta ya ce a hankali, "Gaya mata na ranar zazzaɓi. Ke kika goge teburin."

Gwaggo ta daɗe tana murza murfin kwalbar magani kafin ta yi magana. Yana ɗan shekara shida, in ji ta, ya kwana biyu jikinsa kamar wuta. Sai ga matar shugaban wurin aikin mahaifinsu ta zo da ƙawayenta. Inna ta ce ba za a yi asarar irin waɗannan baƙi ba, ta tashe shi ta tsayar. Yana karkarwa yana jero lissafi, har ya kai bakwai sau takwas. Nan ya maƙale. Ya sake farawa, ya sake maƙalewa. Sai fitsari ya biyo ƙafarsa, ya malale a kan tebur.

"Inna ta yi dariya," Gwaggo ta ce. "Ta dubi matan nan ta ce, 'Wannan ba nawa ba ne. Nawa ba ya kuskure. Wannan ban san ɗan wa ba ne.' Kwana uku ba ta ce masa uffan ba. Shi kuwa yana bin ta daga ɗaki zuwa ɗaki yana cewa hamsin da shida, hamsin da shida. Tun daga ranar ban ƙara jin ya ce ya yi kuskure ba. Shekara saba'in ke nan."

Babu wanda ya ci gardamar. Auta ta sauko daga benen. A bakin titi, tana jiran mota, kuka ya ƙwace mata saboda wani yaro ɗan shekara shida da ba ta taɓa gani ba. Ta tsani mahaifinta shekaru da yawa ba tare da ta furta ba, yau kuma ga tausayinsa ya zo ya danne ta, ta rasa inda za ta ajiye su biyun. Amma a ƙarƙashin kukan akwai wani ɗan fata. Gani take ta gano ciwon. In wani ya tausaya wa yaron nan a gaban idonsa, ya ce masa ba laifinsa ba ne, wataƙila tsohon ya sauko, ya waiwaya ya ga su wa ke tsaye a kusa da shi. Haka ɗan Adam yake, da ya gano mafarin cuta sai ya ɗauka ya samu magani.

Mako guda tana rubutun, a lokacin hutun rana a ofis, tana gogewa tana sakewa. Shafi huɗu suka fito. Ba ta zagi Inna ba, ba ta ƙawata komai ba.

Ranar Asabar ta zauna a kujerar roba ta ce, "Baba, ga babi na farko." Ya lumshe ido kamar mai jiran kirari. Ta karanta. Da ta zo wurin tebur ya yi murmushi. Da ta zo wurin zazzaɓi murmushin ya tafi. Ta karanta maganar Inna yadda aka faɗa mata ita.

Hannunsa na dama yana kan gwiwarsa. Hawaye ya fito daga idon da yanar ta rufe, ya bi ramin kumatu ya shige gemu. Auta ba ta taɓa ganin haka ba, ko ranar da aka fita da gawar mahaifiyarta. Ta miƙa hannu ta ɗora a kan nasa. Fatar ta yi laushi, ta yi sanyi, ta ma manta rabon da ta taɓa shi.

"Baba, yaro ne kai lokacin. Ba ka da lafiya. Ba ka yi laifin komai ba."

Yatsunsa suka riƙe nata. Allah ya sani sun riƙe, ta ji su. Ba su daɗe ba. Ya zare hannunsa, ya gyara hula, ya yi gyaran murya irin na filin taron makaranta.

"Gwaggonki ta ruɗe, tsufa ne. Baffanki ne ya yi fitsarin. Ni na kai har sha biyu sau sha biyu, da zazzaɓin a jikina. Goge wannan shirmen. Amma ki bar zazzaɓin, yana nuna juriya."

"Baba..."

"Na ce ki goge."

Ta danna, shafi huɗu suka tafi. Ta zauna tana kallon farin allo.

Shi kuwa har ya wartsake. "Yauwa, wannan zancen ciwo ya tuna mini wani abu. Ya kamata masu karatu su san ni a matsayin uba. Rubuta. Wata rana da azahar, na dawo daga makaranta ke nan, sai na ji ihu a ƙofar gida. Yaro ne ya faɗo daga matakala, haɓarsa ta tsage, jini ko'ina. Matan unguwa sun tsaya suna salati. Ban jira mota ba. Na sungume shi a ƙirjina, na yi ta gudu har asibiti, farar rigata ta rine."

Yatsun Auta suka tsaya. Hannunta ya tafi ƙarƙashin haɓarta da kansa, inda ɗan tabo yake, ɗinki biyar. Shekararta biyar a lokacin. Tana tuna warin alli a rigarsa, da bugun zuciyarsa a kunnenta, da yadda yake haki yana cewa yi shiru, yi shiru, mun kusa. Wannan ce rana ɗaya tak da ta san ya taɓa ɗaukarta. Shekara talatin da bakwai tana ɓoye da ita, ba ta gaya wa kowa ba, duk ranar da ya wulaƙanta ta sai ta ɗauko ta ta duba, ta ce ai akwai ranar nan. Ashe shi ma yana riƙe da ita. Murna ta cika ta.

"Kina rubutawa? Da muka isa, layi har waje. Sai likitan ya hango ni daga nesa, ya miƙe tsaye, ya ce, 'Hedimasta, da kanka?' Tsohon ɗalibina ne. A gaban jama'a ya ce in ba don ni ba da bai zama kowa ba. Ki sa wannan a layi na daban."

Ta buga. Ta jira ya ci gaba, amma ya gama.

"Baba, wane yaro ne?"

"Wane?"

"Wanda ka ɗauka."

Ya haɗa gira. Da ma ya yi tsaki ya ce ba ruwanta, da ya fi mata sauƙi. Amma ya yi ƙoƙari da gaske. Ya ɗaga kai sama, ya ƙirga da yatsu, leɓɓansa suna motsi. Tana gabansa, taku biyu, hannunta a kan tabon.

"Na biyun ne ko na ukun," ya ce. "Kai, ya shige mini. Ba shi ne abin dubawa ba. Ki sa ɗaya daga cikin yaran."

Ta sauke hannunta ta buga haka, harafi bayan harafi.

"Karanta mini in ji yadda ya fito."

Ta karanta masa tun daga farko. Muryarta ba ta yi rawa ba, ta saba jin yadda ake karanta hukunci a kotu. Ya gyaɗa kai, ya ji daɗi sosai. Sannan ya ce ta koma sama ta ƙara cewa farar rigar sabuwa ce.