Sikelin Barau

"A Kumasi, in ɗan kasuwa ya karye, kotu har ƙyauren ɗakinsa take sayarwa," in ji Alhaji Tukur. "Amma kafin lauya ya ci nasa, mai bin bashi sai ya tashi da sule biyar a fam."

"Sule biyar!" Maiwada ya yi tsaki. "Je ka Damagaram ka ga aiki. Dokar Faransa ba ta san Allah ya ba ka haƙuri ba. Rabi nake karɓowa cur."

A dakalina suke wannan musun, ina yi wa Maiwada aski, Barau kuwa yana kwance a bayan katanga yana jin su. Wallahi sai da na ji kamar in zarce da askar.

Barau maƙwabcina ne a Ajingi, mai sayen gyaɗa. Su biyun suka ba shi jari, ya raba wa manoman Kademi da Balan tun kafin shuka. A shekarar sai ciwo ya faɗa wa gyaɗa, ko ta miya ba a samu ba. Ya sayar da jakai da keke, sannan ciwon ƙirji ya kayar da shi. Abin da ya rage sai gidan da matarsa Hansai take ciki, da sikelin da ke rataye a darbejiyar ƙofar gida. Gidan suka zo wa.

"To mu nan fa, Inuwa?" Tukur ya tambaye ni.

Na ce, "Nan ba a ragin ko sisi, Alhaji. Wanda bai biya a kasuwa ba, yana kwance za a tambaye shi."

"Yauwa," in ji Maiwada. "Ni nawa sai ya cika."

Bai rufe baki ba Hansai ta ɗaga asabari. Ba ta yi kuka ba. "Malam Inuwa," ta ce, "ya cika."

Maiwada ya miƙe da rabin kai a aske.

Bayan azahar aka fito da gawa. Kafin ya ta da kabbara, liman ya juyo. "Akwai mai bin bawan Allah nan bashi?"

Tukur ya ce ya yafe. Shi ya san yadda ake barin gida, da tabarma kawai ya baro Kumasi. Maiwada ya sunkuyar da kai, bai ce ya yafe ba. Liman ya ƙi ɗaga hannu. Rana tana dukanmu, kowa ya san in Maiwada ya ce yana bi, Hansai ba za ta gama takaba a ɗakinta ba.

Na matsa kusa da shi. "Shekara nawa Barau yana auna maka gyaɗa? Ya taɓa ba ka buhu da ragi?"

Ya daɗe yana kallon darbejiyar. Can ya taka, ya kwance sikelin da hannunsa, ya rungume shi.

"Malam, na karɓi wannan," ya ce. "Kuɗina ya cika."

Liman ya yi kabbara.

Igiyar sikelin tana nan a reshen, ba wanda ya kwance ta. Da Hansai ta fita takaba, a jikinta take rataya guga in ta dawo daga rijiya, ruwa yana ɗiga a inda buhunan suke tsayawa.