Abin da Rodel Ya Fara Tambaya

Luzvi ta tura ƙofar gidan Tiya Pacing da gwiwa, waya a hannu, ta tarar da tsohuwar tana tsince shinkafa a faifai. Mijinta Rodel ma'aikacin jirgin ruwa ne. Tun da ya faɗo daga tsani yake kwance a wani asibiti a Sifen, bai farfaɗo ba. Yau da safe wata nas ta turo saƙon murya da Sifaniyanci, kuma a duk unguwar, Tiya Pacing ce kaɗai ta taɓa koyar da harshen.

"Tiya, ki ji mini. Kalma ɗaya na kama, hablo. Waya ta ce wai 'ina magana'. Maganar me take?"

Tsohuwar ta kara wayar a kunnen da ke ji, ta saurara, ta sake saurara.

"Wayarki kurma ce, Inday, 'yar nan. Ba HAblo ta ce ba, habLO ta ce. In nauyin murya ya koma wutsiyar kalma, abu ya riga ya faru, kuma wani ne ya yi. Hablé, na yi magana. Hablaste, kin yi magana. Habló fa?"

Luzvi ta juya kalmar a bakinta.

"Ya yi magana?"

Sai ta zauna a ƙasa kusa da faifan. Ta daɗe tana goge ido da bakin riga kafin ta miƙa hannu.

"Ba ni. Saura ni zan fassara."

Ta sake kunnawa. Preguntó. Tiya ta ce tushensa tambaya ne.

"Ya tambaya," in ji Luzvi, fuskarta na washewa. "Wa ya tambaya? Ni ko yaran?"

Suka haɗa kai a kan wayar. Muryar nas ta fito sarai, har da 'yar dariya: Bruno.

"Wane ne Bruno?" in ji Tiya. "Ɗan'uwansa?"

"Zakaransa ne, wanda yake kaiwa gasar faɗa."

"To, ki aika masa hoto mana."

Luzvi ta dubi ƙafafunta.

"Tiya, kin tuna miyar kazar da kuka sha jiya, da kuka zo yi wa Rodel addu'a? Har ƙari kika nema."

Tsohuwar ta ajiye faifan a hankali.

"Shi ya sa naman ya yi tauri."

Can Luzvi ta danna wurin ɗaukar murya, ta gyara zama.

"Yaya ake cewa 'ya gudu'?"

"Escapar ne tushen. Ƙarasa da kanki, ni ba ruwana."