Wurin Halimatou a Gindin Ceɗiya

Shekara arba'in Halimatou tana sayar da goro a gindin wata ceɗiya a kasuwar Djougou, inda jemagu ke rataye kamar tsummokaran da aka shanya aka manta. Wurin gadon uwarta ne. Ranar Alhamis ta zo da kwandonta ta tarar da Zailani mai takalman roba ya baje kayansa a nan.

"Zailani, ɓatan hanya ka yi?"

"A'a, Inna. Jiya aka sake rabon wurare, kina kasuwar Partago. An kira sunanki sau uku, shiru. Shugaba ya ce ya sanar da kowa."

Shugaban shi ne Abdoulrahim, wanda bara aka ɗora kan ƙungiyar 'yan kasuwar saboda ya yi lakwal, wato boko, mai zurfi. Tun kakanni, in magana mai nauyi ta taso, shugaba kan aika goro rumfa rumfa, ɗan aike ya tsuguna ya faɗa da baki, ya jira amsa. Shi kuwa Abdoulrahim layi huɗu ya rubuta da Faransanci, ya tura ta waya daga gidansa na Parakou.

Washegari Halimatou ta shiga mota. Ta same shi a gidansa na unguwar Ladjifarani, a falo mai sanyi har ƙashi.

"Inna, ai na tura," in ji shi, yana nuna mata wayar. "Duba, an ma buɗe saƙon."

"Wa ya buɗe?"

Ya karanto lambar.

"Ta ɗana Idrisu ce, yana bisa hanya da babbar mota. Ni da ban san bihim ba, kai ka sani sarai. Uwarka a kusa da ni take zama, ranar sunanka ni na raba goro."

"Zamani ya sauya, Inna."

"Kunne bai sauya ba. To, kira Zailani."

Ya kira. Ko gaisuwa bai yi ba, ya shiga karanto masa doka ta bakwai ta ƙungiyar, wai ya tashi daga wurin. Daga can Zailani ya ce, "Shugaba, ko ina kwana babu? Takarda mai hatiminka tana hannuna." Ya kashe wayar.

Abdoulrahim ya share goshi. "Bari in rubuta masa."

"Rubutun ne ya kawo ni nan. Sa takalminka mu tafi. Ka zauna da shi a tabarma, ka tambayi iyalinsa, ka ce ka yi kuskure. Zailani ɗan mutunci ne, kafin la'asar zai kwashe kayansa."

Ya dubi agogo. "Ina da taro ƙarfe uku."

Ta gyara mayafinta ta fita, ba ta taɓa ruwan da aka kawo mata ba.

Ranar Asabar ta shimfiɗa buhu a bakin kwata, bayan mahauta, inda rana ke busar da goro tun kafin azahar.